Wiwi: Kada A Buɗe Mata Kasuwa, Kada Kuma A Ɗaure Yaron

Wata ranar Asabar bayan la'asar muna zaune a teburin mai shayin layinmu a Tudun Wada, rediyo na ta surutu ba mai saurare, sai muka tsinci maganar cewa ana sake tayar da batun halatta wiwi a ƙasar nan. Wani dattijo da ba ya rabo da wurin ya dire kofinsa da ƙarfi ya ce, "A'uzu billahi! Abin da Allah ya haramta, su wane ne za su halatta shi?" Kowa ya gyaɗa kai, zance ya mutu nan take, aka koma hirar tsadar taki.

Ni dai abin bai bar raina ba, domin a ganina kalma guda ce ta kashe zancen tun bai tashi ba, wato "halatta". A kunnen Bahaushe, halatta da haramta ba hurumin 'yan majalisar Abuja ba ne. Hadisi ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, malamai sun daɗe da sa wiwi a wannan sahu, ni kuma ba ni da ja. Amma dokar ƙasa ta bar a sayar da giya, ta bar shagunan cacar ƙwallo da suka cika Sabon Gari da Samaru, kuma ban taɓa jin wanda ya ce sun zama halal don gwamnati ta ba su lasisi ba. Tambayar da ke gabanmu daban ce: yaya hukuma za ta yi da ganyen, da mai sayar da shi, da kuma yaron da ke zuƙarsa a kangon bayan gidanku? Idan muka tsaya a a'uzu billahi muka tashi, wasu ne za su amsa mana tambayar, mu kuma mu zauna da sakamakon.

Ra'ayina, don kada a ce na yi ta kewaye-kewaye: ban yarda a buɗe wa wiwi kasuwa a Najeriya ba. Haka kuma ban yarda da yadda muke kwasar masu shan ta muna jibgewa a gidan yari ba. Mutane da yawa suna ganin dole ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Ni abin da na gani a cikin gidanmu ya hana ni.

Masu son a sassauta suna da hujjar da ba a ture ta da tsaki. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga mai noman wiwi, daga baya aka sassauta. A 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, kuma dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana riƙe da irin waɗannan kaya ko yana sha. Bayan duk wannan tsanani, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi shaye-shaye a shekarar da ta gabaci binciken. A cikinsu miliyan 10.6 wiwi suke sha. Dokar da aka shafe fiye da shekara hamsin ana kaɗa wa mutane ita, amma masu karya ta suka kai miliyan goma, lallai a zauna a dube ta.

Sai kuma hujjar kuɗi. Marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya je har ƙasar Tailan a 2019 ya dawo yana kira a bar noman wiwi don magani da masana'antu. Ba abin mamaki ba ne, dazuzzukan Ondo da Edo da Osun ne manyan gonakinta a ƙasar nan, ana ƙona wannan ana shuka waccan. Omoyele Sowore, da ya nemi shugabancin ƙasa, ya yi kamfe da maganar fitar da ita waje. An kai ƙudurori majalisar wakilai, na 2023 bai kai labari ba. Wani abokina da ke koyarwa a jami'a, mutum mai karatu wanda ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, kullum muka haɗu sai ya lissafa mini: Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Gana ta amince da noman nau'in da ba ya bugarwa, Kanada ta buɗe gaba ɗaya a 2018, Jamus ta sassauta a 2024. "Malam," in ji shi, "duniya ta yi gaba, mu muna nan muna ƙona dukiya a daji."

Abin da nake ce masa shi ne ya taso mu je shagon da ke bakin layinsu. Duk ƙasar da ta buɗe kasuwar wiwi, alkawari ɗaya ta dogara da shi: za a sayar wa baligi ne kawai, a shago mai lasisi, da awo, da rubutun ƙarfin abin a jikin kwali. Wato akwai ƙofa, akwai mai gadi. To mu wace ƙofa muka taɓa tsarewa? Dokar taba sigari ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗaya-ɗaya. Jiya-jiyan nan na ga yaron da bai wuce shekara tara ba ya miƙa kuɗi ya ce, "Wai a ba da kara biyu." Mai shago ko ɗaga kai bai yi ba, ya zaro ya miƙa masa haɗe da canji. Na tabbata bai ma san da dokar ba. Tiramol magani ne da ba a yarda a sayar ba sai da takardar likita, kuma abin da aka amince da shi bai wuce mai ƙarfin 100 ba, amma mai 225 ake kamawa kwantena-kwantena a tashar jiragen ruwa, sauran da suka tsallake kuma suna cikin aljihun 'yan ga-ruwa da leburorin gini. Maganin tari mai kodin sai da BBC ta tona asiri a 2018 sannan gwamnati ta hana, bayan ya gama shiga ɗakunan matan aure. Ƙasar da ake tallar maganin asibiti a faranti cikin rana a tasha, ita ce za ta tsaya duba katin shaidar mai sayen wiwi?

Mu Zazzagawa ma bai kamata a ba mu labarin abin da kamfani ke yi da hayaƙi ba. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka kafa masana'antar taba a garin nan, ƙauyukan da ke kewaye da mu sun noma mata ganye, iyayen wasunmu sun ci abinci a can. Ba na raina wannan arziki. Amma mun ga yadda abin yake: da zarar kaya ya samu rajista, ya samu masu hannun jari, to ya samu masu kare shi. Dila na yanzu ɓoye yake, yana tsoron a gan shi, ba ya iya kafa allo a Kwangila. Kamfani kuwa zai ɗauki lauyoyi, ya ɗauki mawaƙa, ya ɗauki nauyin gasar ƙwallon unguwa, ribarsa kuma ba ta zuwa daga mai sha sau ɗaya a wata, daga wanda ba ya iya wuni ba tare da ita ba take zuwa. Ita kanta Tailan da aka je koyo wurinta, ta cire wiwi daga jerin haramtattun ƙwayoyi a 2022, shaguna suka ɓarke ko'ina, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Gani ga wane ai ya isa.

Akwai maganar da samari ke yi wadda ta fi komai ba ni haushi: "Ai ganye ne kawai, Allah ne ya halicce shi." Zaƙami ma ganye ne. Sannan abin da ake sha yau ba shi ne wanda tsofaffin direbobi suka sani ba. Sinadarin da ke bugarwa a cikinta, wanda likitoci ke kira THC, an yi ta ƙara masa ƙarfi ta hanyar zaɓen iri. A Amurka, inda suke auna abin da aka kama, ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa sama da kashi 15. A nan kuma yanzu ana shigo da wadda suke kira laud, ga kuma kolos, wanda galibi ganye ne aka fesa wa sinadarin da ko mai sayarwa bai san mene ne ba. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda aka yi a wasu biranen Turai da Barazil, ya gano cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfin yake sha kullum, kusan sau biyar. Ba kowa ke haukacewa ba, gaskiya ne, kowa ya san wani da ya shekara talatin yana sha yana kuma riƙe da gidansa. Amma ba wanda ke da tabbacin a wane layi ɗansa zai faɗa, kuma wanda ya fara tun yana ɗan sakandare, ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna ba, shi ya fi shiga haɗari.

Ɗan yayata yana aji biyar na sakandare ya fara. Ba mu gane ba sai da aka yi nisa. Abin da uwarsa ta fara lura da shi turare ne: yaron da sai an yi faɗa yake wanka, ya koma fesa turare safe da yamma, aljihunsa kullum da alawa mai yaji da ɗan kwalban maganin ɗigawa a ido. Sai cin abinci kamar gara, sai barci har azahar. Da na tsare shi a zaure, dariya ya yi ya ce, "Haba Kawu, ni fa ba na shan ƙwaya, ganye ne kawai, yana sa ni nutsuwa in yi karatu." Jarrabawar fita ta zo, karatun bai bayyana ba.

Yana da shekara goma sha tara aka yi samame a kangon da suke taruwa, aka same shi da ƙulli biyu, abin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Wanda ke kawo musu kayan, wanda duk unguwa ta san gidansa da babur ɗinsa, ba ya wurin, kuma har yau yana nan yana harkarsa. An bar jaki ana dukan taiki. Yaran da iyayensu ke da abin hannu sun kwana gida a daren. Namu ya wuce kotu, daga kotu aka aika shi ajiya, aka yi ta ɗage zama, yau alƙali ba ya nan, gobe ba motar kawo fursuna. Wata bakwai ya yi yana jiran shari'a. Ban manta ranar da na raka Yaya ziyara ba. Ta daka masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki ta ƙulla a leda, muka yi layi tun safe, da aka fito da shi ta kalli wuyansa da ya zama kamar mariƙin lema, duk ƙazuwa ta cinye masa hannuwa, ba ta ce komai ba, sai gyara mayafi take yi tana sake gyarawa. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana cewa, "Umma ki yi haƙuri."

Ya shiga yana shan wiwi, ya fito ya san roci, ya san tiramol, ya san lambar wayar mutanen da da can ko sunansu bai taɓa ji ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan shekara guda da fitowarsa ya daina barci, ya fara cewa maƙwabta suna magana a kansa ta cikin bango, ya liƙe tagar ɗakinsa da kwali. Ban isa in rantse cewa wiwi kaɗai ta jawo ba, likitan ma bai ce haka ba. Abin da ya ce shi ne ta taimaka ƙwarai, kuma idan ya koma mata ciwon zai dawo.

A nan ne na rabu da mutanen majalisarmu ta teburin mai shayi, masu cewa a ƙara tsanani kawai. Wata bakwai ɗin nan me suka gyara? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba, kuma a cikin wannan cunkoso muke tura yaron da matsalarsa ta asibiti ce. Ana iya barin sayarwa da noma da safara a matsayin manyan laifuka, a ma ƙara matsa wa masu yin su, amma a ce wanda aka kama da ɗan abin da zai sha, ba gidan yari za shi ba, wurin magani da nasiha za shi, da sa hannun iyayensa da mai unguwa. Fotugal ta bi wannan hanya tun 2001: ba ta buɗe shago ko ɗaya ba, dila har gobe ɗaure shi ake yi, amma mai sha ana tura shi gaban wani kwamiti ne maimakon alƙali. Wannan ba halattawa ba ce ko a wace fassara.

Sai dai kuma in an ce a kai su asibiti, wane asibitin? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma suna haɗa jaka. Mu nan muna da sa'a, ga asibitin koyarwa na Shika a kusa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Mutumin ƙauyen Giwa ko Soba ko Ikara sai ya sayar da akuya kafin ya kawo ɗansa. Shi ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu gidajen mari. Lokacin da namu ya rikice, wata gwaggonmu ta kawo shawarar wani gida da ake "gyaran yara", har an fara haɗa kuɗi. Abin da ya hana ni yarda shi ne hotunan da muka gani a 2019, lokacin da aka buɗe wani gida a Rigasa aka fito da mutane kusan ɗari uku, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Ban zargi iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa. Doka ta yi kyau a takarda. Gado da ma'aikata da magani mai sauƙin kuɗi su ne ba su iso ba. Ƙasar da ke wannan hali, a ce za ta ƙara yawan masu sha da sunan samun haraji, ana kukan targaɗe ne a jawo karaya.

Ga kuma hanya. Duk mai hawa acaba ko Keke daga PZ zuwa Samaru ya taɓa faɗawa hannun wanda idonsa ya yi jawur, yana tsula gudu yana dariya shi kaɗai. Wiwi tana rage saurin ɗaukar mataki, tana ɓata kintacen nisa, daidai abubuwan da mai tuƙi ke rayuwa da su. Giya ana iya hura na'ura a gane yawanta nan take. Wiwi ba ta da irin wannan awo mai sauƙi, domin alamarta na iya zama a fitsarin mai yawan sha har makonni bayan mayen ya sake shi, ko ƙasashen da suka ci gaba suna fama da wannan. Mu da ko na'urar giyar ba kasafai ake ganinta a hanyar Kano ba, ban san da me za mu tare direban tirela ba.

Batun magani kuwa, a nan na yarda da abokina fiye da yadda yake zato. Akwai wani sinadari a cikin ganyen, CBD, wanda ba ya bugarwa, kuma a 2018 Amurka ta amince da maganin da aka yi da shi don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. Ana kuma amfani da wasu magungunan da aka samo daga wiwi wajen rage amai ga masu karɓar maganin daji. A ƙarshen 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin mafi tsanani, da ƙuri'a 27 a kan 25, Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Amma magani ba ya buƙatar kasuwar bakin titi. Mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi, daga tsiron da ake yin heroyin yake fitowa, kuma yana nan a asibitocinmu a kulle cikin kabad, ana sa hannu kafin a fitar. In likitocinmu da masu binciken harhaɗa magunguna na jami'ar nan suna son su yi aiki a kan wiwi, a ba su izini da tsaro, a bi da abin ta hannun NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kamar kowane magani. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauko yaro mai farfaɗiya a sa a gaba, a ɓoye buhunan laud a bayansa.

Wani abu da ba a cika faɗa a rediyo ba: lokacin zaɓe wa ke saya wa samari kayan? Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar kamfe ya ji warin da ke tashi daga bayanta. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, wanda ya tsaya kai da fata cewa ba za a halatta wiwi ba, ya sha kiran a riƙa yi wa masu neman muƙami gwajin ƙwaya. Ni da za a ji tawa, da an haɗa da binciken wanda ya biya kuɗin abin da 'yan rakiyarsu suka sha. Mutumin da ya raba wa yaran unguwa ƙulli ranar gangami, shi ne kuma zai miƙe a zauren majalisa yana kumfar baki a kan tarbiyya.

Ɗan yayata yanzu yana koyon gyaran waya a Sabon Gari. Yana shan maganinsa, ya yi ƙiba, hannunsa na ɗan rawa idan ya riƙe ƙaramin sukurudireba, maigidansa mutumin kirki ne yana haƙuri da shi. Duk wata Yaya takan ware kuɗin mota da na magani daga cinikin ƙosanta kafin ta taɓa komai. Ran nan na biya ta shagon na same shi ya duƙufa a kan wata waya, na tambaye shi ko yana ganin mutumin nan mai babur. Bai ɗago ba ya ce, "Kullum, Kawu. Ta nan yake wucewa. Har ɗaga mini hannu yake yi."